Kisan kai a zamanin da, da soyayya tsakanin mata: me ke riƙe mai karatu a waɗannan littattafan?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni, kuma don girman Allah a amsa da ilimi, kada a mai da ita faɗa. A cikin littattafan Turanci akwai wani reshe da masu karatu suka yi wa caa a shekarun nan. Labarin a zamanin da ake kafa shi, yawanci Ingila ta lokacin Sarauniya Biktoriya. Za a tarar da gawa, ko dukiyar marainiya da ake shirin cinyewa, ko wata da aka kai gidan mahaukata da hankalinta garau. Sannan jaruman labarin mata ne biyu da soyayya ta shiga tsakaninsu. Na karanta wasu daga ciki. Matsayina a kan maɗigo shi ne matsayin addinina, bai gusa ko taku ɗaya ba. Amma gaskiya littattafan sun riƙe ni, irin riƙon da labarin ɗan sandan ciki bai taɓa yi min ba. Ina son in gane dalili. Me ke cikin ginin labarin?

Hajiya Maman Sadiƙ:
Wa'alaikumus salam. Ummu Hanan ƙanwata, ni tun daga nan raina bai kwanta ba. Abin da Allah ya haramta ba ya zama halal don an sa masa doguwar riga an ɗora shi a keken doki. Akwai 'yan mata a zauren nan fa.

Anti Bilki, shugabar zaure:
Hajiya, mun ji, kuma maganarki tana kan hanya. Zan bar hirar ta tafi bisa sharaɗi biyu: ba batsa, ba zagi. Wanda ya saɓa zan goge saƙonsa. Abin da yaranmu ke karantawa a waya gara mu san shi da a ce muna gefe.

Barista Hauwa:
Ummu Hanan, ni ta ɓangaren shari'a zan shigo, don a nan na ga tushen abin. A dokar Ingila ta wancan lokaci, da zarar an ɗaura wa mace aure, ita da mijinta sun zama mutum ɗaya a gaban kotu, kuma mutumin nan mijin ne. Kuɗin da ta gada nasa ne, ladan aikin da ta yi nasa ne, ba ta iya shigar da ƙara da sunanta. Sai a 1870 aka yarda ta riƙe abin da ta samu da guminta, sai a 1882 ta sami cikakken ikon mallakar dukiya. Mu da muka tashi muka tarar sadaki da gado haƙƙin mace ne, ko miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta, abin zai yi mana wuyar gaskatawa. Rabuwar aure ma haka. Kafin 1857 sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka ta musamman kafin a raba aure guda. Bayan 1857 miji ya isa ya tabbatar matarsa ta ci amanarsa, ita kuwa sai ta haɗa da wani laifin, kamar azabtarwa ko ya gudu ya bar ta. Ba a daidaita su ba sai 1923.

To ki duba abin da wannan ke nufi ga marubuci. Duk budurwar da ta gaji dukiya ta zama abin farauta. Wanda ya aure ta ya mallaki komai. Idan ta zame masa ƙaya, akwai hanya mai sauƙi: sa hannun likitoci biyu da buƙatar ɗan'uwa, shi ke nan an kulle ta a gidan mahaukata na kuɗi. Ba almara ba ce. A 1878 mijin wata mawaƙiya, Georgina Weldon, ya turo likitoci su ɗauke ta, ta sulale ta tsere, bayan dokar 1882 ta dinga maka su a kotu tana tsaya wa kanta ba lauya, ta kuma ci wasu shari'o'in. Sai a 1890 aka wajabta sa hannun mai shari'a kafin a kulle irin waɗannan.

Yanzu ki kawo mace ta biyu cikin labarin. Ita ce kaɗai ta san wannan baiwar Allah lafiyarta ƙalau. Amma wace ce ita a gaban hukuma? Ba uwa ba, ba 'yar'uwa ba, ba miji ba. Idan ta je wurin 'yan sanda, tambayar farko ita ce: mene ne haɗinki da ita? Kuma amsar wannan tambayar ita ce abin da ba za ta iya furtawa ba. Dole ta yi binciken da kanta, a ɓoye, tana neman gaskiya tana kuma ɓoye tata gaskiyar. Ɗan sandan ciki idan ya gaza, shari'a ɗaya ya rasa, ya koma gida ya ci abincinsa. Ita idan ta gaza, komai nata ya tafi. Wannan shi ne abin da ya riƙe ki.

Anti Rabi nas:
Barista ta taɓo inda nake so. Ni abin da ke ja na gubar ce, wataƙila saboda aikina. Zamanin gubar asenik ne. Farin gari ne, kusan ba ɗanɗano, a kantin unguwa ake sayar da shi a matsayin maganin ɓera, da 'yan kwabbai. Wanda ya ci sai amai da gudawa da murɗar ciki, daidai da alamun kwalara, kuma kwalara tana kashe mutane a biranen Ingila a lokacin. Likita zai zo ya duba ya rubuta ciwon ciki, a binne. A 1836 wani masani, James Marsh, ya fito da gwajin da ke gano ta ko ɗan mitsitsi ne a cikin gawa. A 1851 aka yi doka: mai kanti sai ya rubuta sunan mai saye a littafi, mai saye ya sa hannu, kuma sai an cakuɗa garin da baƙin hayaƙi ko shuni don a gan shi idan an zuba a abinci.

Ku yi tunanin wannan littafin na kan kanta, da sa hannun mace a ciki. A shari'ar Madeleine Smith ta 1857 a Sikotilan an kawo irin wannan littafin, aka kuma karanta wasiƙun soyayyarta a gaban kotu, waɗanda saurayin da ya mutu ya yi barazanar kai wa mahaifinta. Kotu ta ce laifin bai tabbata ba, aka sake ta.

Wa ke dafa shayi? Wa ke zama gefen mara lafiya har asuba? Wa ke wanke kwanon amai? Mata, musamman 'yan aiki, kuma a ƙarshen ƙarnin 'yan aikin gida mata a Ingila sun haura miliyan ɗaya. Shi ya sa marubutan ke son haɗa uwar ɗaki da 'yar aikinta. Yarinyar da ke ɗaure miki igiyar riga ta baya kullum safe, ta san nauyin numfashinki, ta san inda kika ɓoye wasiƙa. Ko dai ta cece ki ko ta sayar da ke, kuma mai karatu bai san wanne ba sai can ƙarshe.

Ummu Hanan:
Anti Rabi, wannan na ƙarshen shi ne. Rashin sanin ko wadda kike so ita ce aka turo ta cuce ki.

Fati daga Lidis:
Salam. Ni ina karatu a yankin da ɗaya daga cikin tushen waɗannan labaran yake, bari in ba ku abin da na gani. Kusa da garin Halifax akwai wani tsohon gida, Shibden Hall, yanzu gidan tarihi ne. Ɗakunan duhu-duhu, bangon duk an lulluɓe shi da katako baƙi, dabe yana ƙara idan kin taka. Mai gidan a da wata mace ce, Anne Lister, an haife ta 1791 ta rasu 1840. Tana da filaye da ramukan haƙar kwal, tana karɓar haya, tana jayayya da maza a kan kasuwanci. Ta bar kundin rayuwarta na yau da gobe, kalmomi sama da miliyan 4, kuma kusan kashi ɗaya cikin shida da wani rubutun sirri ta yi shi, wanda ta ƙirƙira da haruffan Girkanci da alamomin lissafi. Na ga hoton shafukan: rubutu ƙanana cunkus, sai kawai a tsakiyar layi ya rikiɗe ya koma alamomi ba tazara.

A shekarun 1890 wani danginta, John Lister, da abokinsa Arthur Burrell suka warware sirrin. Da suka ga abin da ke ciki, wato alaƙarta da mata, abokin ya ce a ƙone. John ya ƙi, ya mayar da kundin bayan katakon bango ya rufe. Sai a 1988 wata mai bincike, Helena Whitbread, ta buga wani ɓangare na rubutun sirrin.

Ga abin da ya fi taɓa ni. Matar da suka zauna tare, Ann Walker, ita ma mai gadon dukiya ce. Anne ta rasu a tafiya, can ƙasar Jojiya, Ann ta dawo da gawarta gida. A 1843 aka yanke cewa Ann ba ta cikin hankalinta, aka fitar da ita daga gidan, daga baya mijin yayarta ya tare a ciki. Rubutun sirri, kundi a bayan bango, dukiya, hukuncin hauka. Marubuci bai buƙatar ƙirƙirar komai, tarihin ya riga ya jera masa kayan aiki.

Malam Bashir, malamin tarihi:
Madalla da Fati. Bari in ƙara wani abu da ya sa mata biyu suka fi maza biyu dacewa da irin wannan labarin. A 1885 Ingila ta yi dokar da ta hukunta duk wata alaƙa tsakanin maza, ita ce ta kai marubucin nan Oscar Wilde kurkuku a 1895. Mata ba sa cikin dokar. Ana yawo da labarin wai Sarauniya ce ta ƙi sa hannu don ba ta yarda mata na yin haka ba, wannan ba shi da tushe. Abin da ya tabbata shi ne a 1921 majalisar wakilai ta amince a sa mata, majalisar dattawa ta yi watsi da shi. Hujjarsu: dokar za ta sanar da matan da ba su taɓa jin abin ba, kuma za ta buɗe ƙofar sharri da karɓar kuɗin toshiyar baki, tunda mata da yawa suna kwana ɗaki ɗaya saboda talauci ko tsoro.

Wato doka ta zaɓi ta kau da kai. Mata biyu za su yi shekara talatin a gida ɗaya, unguwa ta ce aminai ne. Amma ranar da wani ya furta zargin da baki, ba a buƙatar kotu, an gama da su. A 1810 a Edinbara wasu malamai biyu, Jane Pirie da Marianne Woods, suna da makarantar kwana ta 'yan mata. Wata ɗaliba ta gaya wa kakarta, wata hamshaƙiya, abin da ta ce tana ji da dare. Cikin 'yan kwanaki iyaye suka kwashe 'ya'yansu kaf. Malaman suka kai ƙarar ɓata suna, aka yi ta ja har 1819, suka yi nasara a takarda, amma makaranta ta mutu, su ma sun talauce. Wannan yanayin, inda ba a ganinki muddin ba a faɗa ba, kuma kalma ɗaya ta isa ta rusa ki, shi ne ƙasa mai albarka ga labarin laifi.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Malam, Barista, duk na karanta, kuma na ƙaru da tarihin, ban musa ba. Amma ku lura da abin da kuke yi. Kun nuna min miji azzalumi, likita maci amana, doka makauniya, sai mace ɗaya mai tausayi. To wa mai karatu zai so? Wa zai yi wa fatan nasara? Nan ne damuwata take. Marubucin ya san aikinsa. Ya ɗaure zuciyarki da tausayin wadda aka zalunta, kafin ki farga kina addu'ar su tsira tare, kuma tsirar tasu ta haɗa da abin da kika ce kin ƙi. Ke Ummu Hanan babba ce, kin san inda za ki tsaya. 'Yar shekara sha biyar da ke makarantar kwana fa? Ni uwa ce, da wannan idon nake kallo.

Ummu Hanan:
Hajiya, ba zan ce miki ƙarya kike ba. Tabbas na yi musu fatan tsira. Ba na ba wa 'yata irin littafin, kamar yadda ba na ba ta wasu littattafan namu na Hausa da ke yawo a WhatsApp, waɗanda batsarsu ta fi ta waɗannan nesa ba kusa ba. Amma tausayin wadda za a kulle a gidan mahaukata don a cinye gadonta, wannan ban ga laifinsa ba, ko wace ce ita.

Ramatu 'yar Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan da Faransanci muka yi karatu, kuma ina son in kawo ɗaya fuskar, don kada a ɗauka tarihin duk daɗi ne. A Fabrairun 1933 a garin Le Mans, wasu 'yan aiki biyu, ya da ƙanwa, Christine da Léa Papin, suka kashe uwar ɗakinsu da 'yarta, kisa mai muni da ba zan kwatanta ba. Jaridu suka yi ta rubutu a kan irin shaƙuwar da ke tsakanin 'yan'uwan biyu. Babbar ta mutu a asibitin mahaukata a 1937. A Amurka ma, a 1892 a Memphis, Alice Mitchell mai shekara 19 ta yanka Freda Ward mai shekara 17 da askar mahaifinta, bayan dangi sun raba su. Sun yi shirin guduwa su yi aure, Alice ta yi shigar maza. Kotu ta ce mahaukaciya ce, ta mutu a tsare a 1898.

Shekara da shekaru, idan irin waɗannan matan suka fito a jarida ko littafi a Turai, to ko dai masu kisa ne, ko mahaukata, ko gawa. A Amurka ta shekarun 1950 masu buga ƙananan littattafai na sharɗanta wa marubuci labarin ya ƙare da baƙin ciki, don kada gidan waya ya kama littafin a matsayin batsa. Marubutan yanzu sun san wannan tarihin sarai. Abin da suke yi shi ne su koma wancan zamanin, su ɗauki matar da aka saba sa wa ankwa, su ba ta fitila ta zama mai bincike, kuma ta kai shafin ƙarshe da ranta. Ga masu karatunsu na can, wannan shi ne babban abin, ya fi warware kisan muhimmanci. Mu muna karantawa daga nesa, shi ya sa muka fi ganin dabarar ginin.

Yaya Nura:
Ni namiji ne kuma na karanta kaɗan, bari in kawo suka ta fuskar rubutu. Da yawansu tarihin ado ne kawai. Za ka ga jaruma a 1860 tana tunani da magana kamar 'yar jami'ar bana, tana shiga ofishin 'yan sanda ana ba ta fayil. Alhali sashen binciken 'yan sandan Landan da aka kafa a 1842 maza ne zalla. Mace ta farko da aka ba ikon kama mai laifi a Ingila, Edith Smith, a 1915 ne, Landan kuma sai 1919 ta fara ɗaukar mata sintiri. A Amurka an sami Kate Warne a kamfanin bincike na Pinkerton tun 1856, amma ita ɗin abin mamaki ce a zamaninta. Littafin da ya yi kyau shi ne wanda ya bar matar cikin ƙuncinta na gaskiya, ta yi bincike da abin da take da shi: kunne, makullin ɗakin ajiya, kwandon wanki.

Na biyu, kuma wannan ya fi ci min rai. Dukiyar da ake kashe-kashe a kanta daga ina ta zo? Rake na Karibiyan, audugar da bayi suka noma, Indiya. Littattafan ba su cika tambaya ba. Malam Bashir, ka bar wani abu a shari'ar Edinbara: ɗalibar nan, Jane Cumming, uwarta Ba'indiya ce, kuma wasu alƙalan sun jingina maganarta da cewa a Indiya ta koyo irin wannan tunanin, don a ganinsu matan Birtaniya ba su san shi ba. Ƙasar da ake tausaya wa matanta a littafin, ita ce ta turo sojoji Kano a 1903.

Malam Bashir, malamin tarihi:
Haka ne Nura, kuma alƙalan sun faɗe shi a fili a rubuce. Wanda zai ba da labarin daga bakin yarinyar nan, shi zai kawo sabon abu.

Baƙuwar zaure:
Ban saba magana a nan ba. Ina son in ce wani abu guda, a yi haƙuri. Ana ta magana kamar abin a Ingila kawai yake, a ƙarni na 19. Akwai matan da ke cikin wannan halin a garuruwanmu, kowa ya sani. Dokar Najeriya ta 2014 ta sa ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi, ga dokokin shari'a a jihohinmu. Ban zo jayayya da hukuncin addini ba. Amma na san wadda wani ya sami saƙonninta a waya, ya yi ta tatsar kuɗi a wurinta har ta sayar da sarƙarta, kuma ba ta da inda za ta kai ƙara, daidai yadda Barista ta kwatanta. Mai tatsar nan ba gyara yake nema ba, ɓarawo ne. Idan irin wannan matar ta karanta littafin, ba doguwar riga take gani ba, tsoronta take gani a rubuce. Ba sai kin yarda da abin da mutum yake yi ba kafin ki gane ana cutarsa.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Baiwar Allah, wanda ya tona asirin Musulmi don ya ci kuɗi, alhakinsa daban ne kuma mai nauyi ne, a nan ba mu da saɓani. Ita kuma ina mata addu'ar shiriya da sutura. Matsayina a kan littattafan dai yana nan.

Alƙalamin Zinariya:
Ni marubuciya ce, kuma tun ɗazu hannuna ke ƙaiƙayi. Soyayyar mata ba zan rubuta ba, imanina bai ba ni ba, kuma ko ya ba ni, akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma ba mu manta da littattafan da aka ƙona a Kano a 2007 ba. Amma sauran kayan fa? Gidan kulle da namiji baligi ba ya shiga. Dogari yana tsayawa a zaure. To wa ke shiga ko'ina? Dillaliya, mai kitso, ungozoma, jakadiya. Sama da duka, mai wankan gawa. Amarya ta mutu da hantsi, kafin la'asar an kai ta. Mutum ɗaya ce ta ga jikinta, ta ga shatar yatsu a wuya, kuma tarbiyyar aikinta ita ce ta rufe abin da ta gani. Ta yi shiru ta ci amanar mamaciya, ko ta yi magana a kan gidan mai sarauta? A ce mamaciyar ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Me ya sa ba mu rubuta wannan ba, muke ta zagaye a kan ɗan mai kuɗi da 'yar talaka?

Ramatu 'yar Damagaram:
Zan saya tun kafin ki gama. Amma ki sani kin cire ƙusa ɗaya. A waɗancan littattafan mai binciken ita ma tana da abin ɓoyewa, shi ya sa kowane taku nata haɗari ne. Mai wankan gawarki tsarkakakkiya ce. Sai kin nemo mata nata sirrin, in ba haka ba wa'azi za ki rubuta.

Malam Bashir, malamin tarihi:
Alƙalami, ƙawancen da kika ambata abu ne mai tsari a ƙasar Hausa, ba a wasa da shi. Baba ta Karo, wadda ta ba da tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda mace ke ƙulla ƙawance, da musayar kyauta, da gudummawar biki da ake ramawa. Wasu masu karatu na waje suna saurin fassara duk wata shaƙuwar mata da abin da ke ransu, kada mu bi su, kada kuma mu bar tsoron zargi ya sa mu daina rubuta amincin mata. Don kayan aiki, akwai rubutattun hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, da Larabci, cike da shari'o'in sata da kisa da rigimar bayi da gonaki. Ki leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa.

Barista Hauwa:
Alƙalami, ga ƙullin shari'a da zai riƙe miki littafin gaba ɗaya. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi a lokacin, shaidar mata ba ta tabbatar da ƙisasi. Amma idan wanda aka raunata ya ce kafin ya cika, jinina yana wuyan wane, wannan yana zama tuhuma mai ƙarfi, sai dangin mamaci maza su yi rantsuwa hamsin a kan wanda ake zargi. Sai dai furucin nan ana so maza biyu adalai su shaida sun ji shi. Amaryarki kuwa a ƙuryar ɗaki ta faɗa, mata ne kaɗai a kanta. Don haka aikin mai wankan gawa ba gano mai kisan ba ne, ta riga ta san shi tun babi na biyu. Aikinta shi ne ta samo maza biyun da suka ji, wataƙila almajirin gidan da ke bayan taga, da malamin da aka kira ya yi tofi, sannan ta shawo kan yayyen mamaciyar su yarda su rantse, alhali gonar da suke nomawa a hannun mijin take. Ki fara binciken wane ne alƙalin garin a shekarar da kika zaɓa, da ko shari'ar kisa a gabansa take tsayawa ko sai an kai fada.